Magen Inna Saude

Shekara shida Zinariya ta yi a gidan Saudatu da ke Daura ba ta taɓa taka zaure ba. Mage ce ja mai ratsin fari a ƙirji, wadda marigayi Malam Amadu ya zo da ita daga Kongolam cikin kwalin taliya, lokacin yana jigilar fasinja a wannan hanyar. Bayan rasuwarsa da auren 'yarsu Mardiyya zuwa Sandamu, gidan ya rage daga Saudatu sai mage. Duniyar Zinariya duka ɗaki ce da rumfa da ɗan tsakar gida. Kwananta kuwa a kan matashi, dab da kan uwar gidanta, don tana son inda ke da ɗumi.

Mutanen lungu sun sha tsegumi a kan wannan. Wai mace da jikokinta ta zauna tana hira da dabba, tana ɓare mata kifi tana cire ƙaya, alhali magen kowa ɓera take kamawa ta ci. Saudatu tana ji ba ta taɓa tankawa ba. Cikin masu maganar dai babu wanda ya taɓa shigowa ya taya ta cin tuwo ranar da gidan ya yi mata faɗi.

Ranar Litinin da la'asar hadari ya haɗo. Mai ruwa ya shigo da jarkoki ya bar ƙofa a wangale, aka kuma yi wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Kafin Saudatu ta gama kwashe shanya, Zinariya ta ɓace.

Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan buhun gero, ta zazzage kwandon tsummokara. Ta tabbata ba ta cikin gidan, ta kuma san magen da ba ta san waje ba ko ƙofar gidansu ba za ta gane ba. Ta ɗauki ɗan farantin da take zuba mata abinci da cokali, ta fita cikin ruwan nan tana ƙwanƙwasawa tana kira. Masu fakewa a zaurukan lungu suka samu abin kallo kyauta. Wani ma ya ce mata ta je gidan rediyo ta ba da cigiya, aka yi dariya. Har aka kira magariba ba ta ji ko kukanta ba.

Washegari da hantsi ta ji kamar motsi a kangon da ke bayan gidanta. Maimakon ta zagaya, sai ta kife turmi ta hau don ta leƙa ta kan katanga, ita da shekara hamsin da bakwai da ciwon gwiwa. Ƙasa ta sha ruwa, turmin ya goce. Ta faɗo a kan hannunta na dama, ta ji ƙas har cikin ƙwaƙwalwarta. Abin da ke motsi a kangon kuwa akuya ce.

Sama'ila mai ɗori ya ja hannun ya mayar da ƙashin, sai da ta yi salati ya fi goma. Ya jera mata karan ɗori daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwar hannu, ya naɗe da tsumma, ya rataya mata shi a wuya, ya ce ta je ta kwanta. Ta ce to. Tana idar da azahar ta yafa mayafi ta fara bin gidajen lungu ɗaya bayan ɗaya.

Gida na huɗu shi ne na Sabiru mahauci. Ta san 'yarsa Raihana, mai shekara huɗu, ta kwana uku da zazzaɓi, don haka ta yi niyyar duba yarinyar ta kuma yi cigiyarta a tafiya ɗaya. A zaure ta tarar da maza uku a tsaye. Ta gaishe su, babu wanda ya amsa. Hannunta kawai suke kallo, sai suka dare suka ba ta hanya fiye da yadda take bukata.

A tsakar gida Iya, mahaifiyar Sabiru, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da carbi. Hasana, uwar yarinyar, tana durƙushe a kan tabarma tana shafa wa Raihana jiƙaƙƙen tsumma. Ga Sabiru a tsaye da rigar aikinsa, ko kasuwa bai fita ba. Akwai kuma mata maƙwabta kamar shida, duk sun yi jugum.

Saudatu ta yi sallama.

Daga ƙarƙashin wani kwando da aka kife a gindin randa, aka danne da dutsen niƙa, wata murya ta amsa mata, siririya, a shaƙe. Ko cikin mage dubu za ta gane wannan kukan. Daɗi ya kama ta har ta manta da hannunta.

"Zinariya. Ashe nan kika shigo."

"Kun ji ko?" in ji Iya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Tun safe ba ta yi kuka ba sai yanzu. Na ce muku ku jira, da ƙafarta za ta zo."

Saudatu ta tsaya. "Iya, ina wuni. Magena ce, tun jiya nake nemanta."

"Mun sani. Me ya samu hannunki?"

"Faɗuwa na yi daga kan turmi."

"Yaushe?"

"Ɗazu da hantsi."

Wata mata ta ja salati. Iya ta ajiye carbinta a cinya, ta yi bayani dalla-dalla kamar mai raba gado. Da hantsi Hasana ta fita ɗauraye tsumma, ta dawo ta tarar da baƙuwar mage kwance a kan matashin Raihana, bakinta dab da hancin yarinyar. Babu wanda ya ga shigarta. Sabiru ya sakar mata taɓarya ya karya mata ƙafar gaba ta dama. Ya so ya ƙarasa ta, Iya ta hana. Ta ce a kife ta a jira, domin mayya idan ta shiga jikin mage aka ji wa magen ciwo, ciwon a jikinta yake fitowa, kuma dole ta biyo sawu.

"Ta dama," in ji Iya, tana nuna hannun Saudatu da haɓa. "Da hantsi."

Iya ba muguwa ba ce. Ta binne jikoki biyu a damina biyu, kuma tsoro ya riga ya cinye ta. Amma matan nan shida fa? Biyu daga cikinsu sun ga Saudatu jiya tana yawo cikin ruwa da faranti. Ɗaya ma katangarsu ɗaya, ta ji faɗuwarta, ta ji ƙararta. Ita ce ta fi kowa sunkuyar da kai.

"Haba Iya," in ji Saudatu. "Dabbar nan a kan matashina take kwana. Ta firgita ne, ta samu ɗaki shiru, ta ji ɗumin jikin yarinya ta kwanta. Shekara talatin muna lungun nan da ku. Ni na yi wa Hasana wankan jego."

"Shi ya sa kika san hanyar ɗakin," in ji Sabiru.

Magen ta sake kuka. Saudatu ba ta ƙara tsayawa gardama ba, ta nufi kwandon. Taku biyu ta yi Sabiru ya cafke ta, kuma bai kama ko'ina ba sai hannun da ke rataye. Ya murɗe shi. Ta ji karan ɗorin suna karyewa ɗaya-ɗaya, ƙashin da Sama'ila ya mayar ya sake gocewa, ƙasa ta taso ta daki fuskarta. Ƙarar da ta yi ita ta kira sauran lungun.

Cikin ɗan lokaci tsakar gidan ya cika. Waɗanda ba su san me ya faru ba sun fi kowa zafi. Wani ya hamɓare ta a haƙarƙari. Wata ta cire takalmi ta riƙa tsula mata a baya tana lissafa ɓarin cikin da ta yi shekara uku da suka wuce. Aka zaro ice daga murhu aka maka mata a gefen kai, ta ji ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnenta zuwa wuya. Ta dunƙule a kan hannunta, tana kallon ƙafafuwa, tana gane su: wannan ta taɓa ara mata tukunya, wancan ta goye shi yana jariri. Baƙin ciki ya fi mata dukan ciwo.

Hasana ce ta tsayar da su, ba don Saudatu ba. Raihana ta fara jijjiga. Idanunta sun juye sai fari, haƙora sun datse, ƙananan hannayenta suna bugun tabarma.

"Baban Raihana, don girman Allah mu kai ta asibiti," in ji Hasana tana kuka. "Tun jiya nake faɗa."

"A kai gangar jiki asibiti, kurwa tana hannun wata?" in ji Iya. "Sai ta saki tukuna. A sa ta tsallaka."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan. Wadda ake zargi da kama kurwar mutum sai ta tuɓe ta tsallaka marar lafiyar sau uku, shi ne sakinta. Kuma duk wadda ta tsallaka ta amsa sunan ke nan da ƙafarta, ita da 'ya'yanta da jikokinta, tun da an ce a nono ake sha.

Aka ɗago Saudatu aka zaunar. Ta tofar da jini da ƙasa.

"Wallahi tallahi ni ba mayya ba ce," ta ce. "Ku kawo Alƙur'ani in dafa. Ba zan tsallaka ba."

Sabiru ya nufi kwandon. Ya ture dutsen niƙan da ƙafa, ya zura hannu ƙarƙashin kwandon ya zaro Zinariya ta fatar wuya. Sai a lokacin Saudatu ta gan ta sosai. Jan gashin nan da take gogewa kullum ya cuɗe da taɓo da jini, ƙafar gaba tana lilo kamar ba a jikinta take ba, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da ɗayan ta nemo Saudatu cikin taron, ta buɗe baki, sauti bai fito ba.

Ya danne ta a ƙasa da gwiwa yadda yake danne akuya, ya zaro wuƙarsa daga kugu.

"Inna Saude," ya ce, "shekara ashirin ina yanka, hannuna bai taɓa kuskure ba. Ko ki sakar min 'yata, ko in yanka wannan mu ga wanda zai faɗi."

"Sabiru, ka ji tsoron Allah. Dabba ce. Me ta sani?"

Ya kama kunnen magen ya shafta wuƙa sau ɗaya. Rabin kunnen ya faɗi a ƙasa. Zinariya ta yi wata ƙara da Saudatu ba ta taɓa sanin tana da ita ba, ta yi fitsari a wurin. Nan take idanun taron suka koma kan Saudatu, suka tarar da jini yana bin bayan kunnenta. Icen da ya fasa mata kai yana nan yashe a gabansu, wanda ya maka mata shi ma yana tsaye, amma aka ɗauki kabbara. Kunnen hagu aka yanke wa magen, na dama ne ke zubar wa Saudatu da jini. Ko wannan babu wanda ya tsaya dubawa.

Sabiru ya mayar da wuƙar kan maƙogwaro.

Saudatu ta tuna Mardiyya a Sandamu, da 'yan matanta biyu da wata rana za a zo neman aurensu a yi bincike. Ta san abin da ya kamata mai hankali ta yi: ta yi shiru, a yanka mage, kowa ya ga ba ta faɗi ba, a ji kunya a watse. Lissafin a fili yake, ko yaro zai iya shi. Amma wannan abin da ke ƙarƙashin gwiwar Sabiru shi ne kaɗai yake jiranta a bakin ƙofa idan ta dawo daga unguwa, kuma bai taɓa sanin hannun mutum yana duka ba sai yau. Sannan ga Raihana tana ta bugun tabarma, ba kuma za a ɗaga ta daga nan ba sai an gama da wannan. Saudatu ta ji ba za ta iya kallon ko ɗaya daga cikin biyun ba.

"Ɗaga wuƙarka," ta ce. "Zan tsallaka."

Aka kori maza zuwa zaure, ban da Sabiru da ya juya baya yana riƙe da magen. Matan suka fizge mata mayafi da ɗankwali. Iya ta ce har da zani, aka kwance, aka bar ta daga ita sai fatari da riga a yage, furfurarta a waje. Aka jawo tabarmar tsakiyar gida.

Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka. Gwiwarta ta kusa kayar da ita a kan yarinyar. Ta juyo ta sake. A na uku, da ta zo daidai inda Hasana ke durƙushe, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Na yi musu abin da suke so. Yanzu ki saɓa ta ki nemi mashin. Kada ki jira kowa."

Hasana ba ta ɗago ba, amma Saudatu na sauke ƙafa ta suri yarinyar ta yi waje ko mayafi babu. Iya ba ta hana ba, tun da a wurinta an riga an yi maganin. Sabiru ya saki magen ya bi matarsa da gudu.

Saudatu ta ɗaura zaninta da hannu ɗaya da haƙori. Ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta naɗe Zinariya. Magen ba ta gane ta ba, ta kafa mata haƙora a tsakanin babban yatsa da manuni, har suka haɗu. Saudatu ba ta janye ba. Haka ta ratsa taron da hannu ɗaya yana lilo, ɗaya a bakin mage, mutane suna ja da baya suna tofa addu'a a cikin rigunansu. A bakin lungu ta yi kiciɓis da mai unguwa yana tahowa da sauri, yana gyara hula, yana tambayar me ke faruwa. Ta wuce shi.

Da la'asar ta kira Sama'ila mai ɗori a waya. Labari ya riga ta isa. Ya ce yana da baƙi, ya ce gobe, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai ta zauna a rumfa, ta zare guntayen karan da suka rage a hannunta, ta zaɓi biyu masu ɗan tsawo. Ta danne Zinariya tsakanin cinyoyinta, ta ɗaure mata ƙafar da hannun hagu da haƙori, tana kuka magen tana kuka. Nata hannun ta naɗe shi yadda ya samu. Ta san a karkace zai warke.

Laraba mai ruwa bai zo ba. Alhamis Mardiyya ta kira, ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce surukarta ta ce a dakata da kawo yara Daura tukuna, ita ma Inna kada ta wahalar da kanta da zuwa. Saudatu ta ce ba komai, Allah ya yi musu albarka. Zinariya ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai ta ji babu motsi, ta lashi ruwa ta koma.

A kowace salla Saudatu tana yi wa Raihana addu'a, kuma ta san sarai abin da take roƙo. Idan yarinyar ta mutu, za a ce ta ƙi saki, za a dawo da ice da fetur. Idan ta tashi, to tsallaken ne ya yi aiki, babu kuma rantsuwar da za ta wanke ta har ta shiga kabari. Duk da haka ta roƙi Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, ta roƙa da gaske.

Ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci lungu ya yi tsit, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa a hankali. Ta buɗe ta ga Hasana, da ledar magunguna a hannu da Raihana goye a baya. Daga asibiti take, ko gida ba ta ƙarasa ba.

"Inna, an sallame mu," ta ce. "Sun ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Sun ce da mun ƙara awa biyu da sai dai wani labarin."

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi, Hasana."

"Na faɗa wa babanta, na faɗa wa Iya. Iya ta ce ita tun a tsallake na biyu ta ga jikin ya saki." Hasana ta share ido da gefen mayafi. "Ni dai na san abin da kika yi mana. Ki yafe mana, Inna."

"Ba komai. Ki riƙa ba ta maganin a kan lokaci. Tana cin abinci kuwa?"

Raihana ta motsa a bayan uwarta, ta ɗago kai, ta rame sai idanu. Daɗi ya cika Saudatu, ta matso taku ɗaya ta leƙa don ta ga fuskar da kyau, ta miƙa hannunta na hagu za ta shafa mata kai.

Hasana ta ja da baya. Kafin ita kanta ta san me take yi, ta riga ta jawo mayafi ta rufe fuskar yarinyar ruf.

Suka tsaya a haka, hannun Saudatu a sama, Hasana tana kallon ƙasa. Ba ta yaye mayafin ba.

"Je ki," in ji Saudatu. "Rana tana dukanta."

Ta jira har suka sha kwana, sannan ta mayar da ƙofa ta sa sakata.